Awa Biyu da Minti Goma

Jiya da la'asar Bashar ya kira ni,
ina tsakar gida, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai rai.
Ya ce, Baba, ga ni a bakin jirgi a Rum,
Faris za ni, aiki ya kira,
kafin ku shafa addu'ar magariba na sauka.
Na ce, ashe kusa ne.
Ya yi dariya irin ta uwarsa:
kilomita dubu da ɗari ne fa, Baba,
awa biyu da minti goma.

Na aje wayar bisa buhu.
Dubu da ɗari.
Wannan lissafi ba a allo na koye shi ba,
a ƙuguna yake, shi ke tashe ni cikin dare.
Shekara talatin da ɗaya ina jan roka
daga Aliero zuwa Ikko,
albasa ta yi tozo har tana leƙen kan mota.
Kwana biyu in hanya ta yi kirki,
uku in taya ta yi fushi,
huɗu shekarar da ruwa ya cinye kwalbati
muka zauna muna jin warin dukiyar mutane tana narkewa.

Tafiyata tana da fuskoki.
A Koko akwai Ɗan Ige mai shayi,
wanda ya san ba na son madara da yawa.
A Yawuri kifi, a Kwantagora alwala da ruwan sanyi,
sai ɗan sandan nan mai gibi
da ke karɓar nawa yana tambayar lafiyar iyali.
Gaba kaɗan da Makwa, ƙarƙashin wata ɗorawa,
Labbo yaron motata yana kwance tun shekarar zazzaɓi.
Ban taɓa wucewa ban rage wuta ba.

Kai fa, Bashar, me ke tsakanin Rum da Faris?
Wa ka gaisar?
Na taɓa tambayarsa, ya ce gajimare ne kawai,
sai wasu duwatsu masu farin kai,
ya ce galibi ma barci yake yi.
Barci!
Mutum ya haye ƙasashe bai san sunan ƙauye ɗaya ba,
babu wanda ya ce masa sannu da hanya,
don hanyar ba ta taɓa shi ba.

Kulu ba ta ce komai ba, ta dubi inuwar katanga,
ta hura wuta, ta ɗora tukunya.
Da haka take auna nesa.
Ta yi talge, ta kaɗa kuka,
ta kori akuyar Mairi sau biyu daga bakin murhu.
Ina dawowa daga masallaci tana kwashe tuwo,
wayar ta yi ƙara:
na sauka lafiya, ana ruwa a nan.

Ta riƙe mara a hannu ta tsaya.
Tuwo bai huce ba, ɗanta ya sake ƙasa.

Da dare na kira shi, na ce, to malamin lissafi,
daga Faris zuwa Aliero awa nawa?
Ya fara: zuwa Abuja kamar shida da wani abu,
sai na Sakkwato ko na Birnin Kebbi, sai mota...
Na ce, haɗa duka.
Ya ce, bai kai kwana ɗaya ba.
Na ce, ni kuwa a nan na ƙirga shekara shida.

Layin ya yi shiru, ina jin ruwan sama nasu.
Ya ce, Baba, sai an ba ni hutu.
Na ce, Allah ya kawo.

Da safe na koma kan albasata.
Ta bana ta yi kyau, ja ce, mai nauyi.
Na ware ƙwarya guda na rataya a rumbu,
duk da na san ba ta jiran kowa.